Manazarta ta fi babi na huɗu cin rai

Jiya na zauna da ƙanwata muna gyara kundin digirinta. Binciken kam ya yi kyau, amma manazartar sai addu'a. Marubuci yana babi na biyu, a jerin ƙarshe babu shi, wani kuma shekararsa ta canza a hanya.

Sashensu tsarin APA na rubuta manazarta suke bi, bugu na 7 da ya fito a 2019. Idan marubuta sun kai uku, sunan na farko kawai ake sawa a cikin rubutu da "et al." (wato "da sauransu") tun ambaton farko, kuma an daina rubuta garin da aka buga littafi.

Ta ce, "Yaya, ai daga wani tsohon kundi na kwafi salon."

Na ce, "Ke, sauke Zotero, manhajar tsara manazarta, a kwamfutarki, kyauta ne, mu sake jerin tun daga A."