Yadda na rabu da sawun buroshi a kabad ɗina

Ranar da na fara shafa fentin ruwa a kabad ɗin kicin, sai da raina ya ɓaci. Da hasken taga ya bugi ƙofar, ga sawun buroshi nan layi-layi kamar kunyar gona. Laifina ne: na lafta shi da kauri, kuma na riƙa komawa kan wurin da ya fara tsotsewa. Fentin ruwa yana saurin bushewa, ba ya samun lokacin kwanciya kamar fentin mai.

Karo na biyu na cire ƙofofin, na kwantar da su a kan tebur. Na wanke maiƙon girki tas, domin fenti ba ya kama maiƙo. Na goge da sanfefa mai lamba 220, na share ƙura da ɗanyen tsumma, sannan na sa fentin share fage. Na zuba Floetrol kaɗan a cikin fentin, wani ruwa ne da ake gaurayawa da fentin ruwa, shi ke jinkirta bushewa har sawun ya baje da kansa. Buroshin nailan na ɗauka, tunda gashin dabba yana shan ruwa ya kumbura. Shafi biyu marasa kauri, da gugar sanfefa a tsakani. Katakon gefen ƙofa ma haka na yi masa, da jan buroshi ɗaya mai tsawo.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haƙuri. Fentin yana bushewa cikin awa ɗaya ko biyu, amma sai ya yi kusan kwana 30 kafin ya taurare sosai. Har yanzu akwai tabon gindin kofi a kantar da na yi gaggawar jera kaya.