Laraba: fom ɗaya na shigar da ɗalibi da gyara bayanansa

Yau na haɗe shafin shigar da sabon ɗalibi da na gyaran bayanai, suka koma fom ɗaya a PHP, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. Da ma gurabensu iri ɗaya ne: suna, aji, lambar shiga, ranar haihuwa, hoto. Riƙe biyu ba ya haifar da komai sai a ƙara gurbi a wannan a manta da wancan.

Id, wato lambar da rumbun bayanai ke ba kowane ɗalibi, shi ke raba ayyukan. In adireshi ya zo da id=37, sai a ɗauko bayanan ɗalibin daga rumbun bayanai na MySQL a cika gurabe, a ɓoye id ɗin cikin fom. Wajen ajiyewa, in akwai id a yi UPDATE (gyara bayanan da ke nan), in babu a yi INSERT (shigar da sabo). Wannan nan da nan aka gama.

Inda gizo ke saƙar shi ne guraben da halinsu ke sauyawa wajen gyara. Akwatin alama na "ɗan kwana ne" shi ya fi mugunta: in aka cire alamar, burauza ba ta aiko da komai, ko sifili. Umarnin PHP da ke sabunta abin da ya iso kawai za ta bar yaro a ɗan kwana har abada. Dole a duba da isset, umarnin da ke gano ko gurbi ya iso, in bai zo ba a rubuta 0.

Hoto kuma, burauza ba ta yarda a cika gurbin fayil tun da farko, saboda tsaro. Don haka in kuskuren da ya dawo UPLOAD_ERR_NO_FILE ne, wato 4, alamar ba a aiko da sabon fayil ba, kar a taɓa tsohon hoton.

Binciken maimaita lambar shiga sai an ƙara masa AND id <> ?, wato a tsallake ɗalibin da ake gyarawa, in ba haka ba ɗalibi zai yi karo da kansa, fom ya ce wani ya riga ya ɗauki lambar. Gurbin kwanan wata tsarin shekara-wata-rana kaɗai yake karɓa, kamar 2012-03-09. A ba shi 09/03/2012 ya fito fayau, a ajiye, ranar haihuwa ta goge. Gurbin da aka sa wa disabled (a kashe) ma burauza ba ta aika shi, na readonly (karantawa kawai) take aikawa.

Id ɗin da aka ɓoye kowa na iya sauya shi daga burauza, shi ya sa sabar, kwamfutar da ke karɓar fom, ke sake duba ko ɗalibin ɗan ajin wannan malamin ne kafin UPDATE. Bayan ajiyewa ina tura mutum wani shafi da 303, lambar da ke ce wa burauza ta koma wani adireshi, don kada sake loda shafi ya shigar da ɗalibi sau biyu.