Tambayoyi biyu da lauyata ta yi mini, na kasa amsawa

Ranar da na fara zuwa wurin lauya a kan maganar riƙon 'ya'yana, da fayil na shiga. Kwana uku na yi ina haɗa shi: saƙonnin da uwar yaran ta turo mini cikin fushi, ranakun da muka yi rigima, sunayen waɗanda suka ji ta ɗaga mini murya. Aurenmu na shekara 11 ya mutu, kuma a raina na riga na yanke cewa wanda aka ɓata wa shi ya cancanci yara. 'Yata na da shekara 9 a lokacin, ƙaninta 4.

Lauyar dattijuwa ce, ba ta gaggawar magana. Ta buɗe fayil ɗin, ta duba shafi biyu, ta rufe ta ture shi gefe.

"Malam, yaya sunan malamar ajin 'yarka?"

Na yi shiru.

"Shi kuma ƙaramin, idan asmarsa ta tashi da dare, me ake ba shi?"

Na san akwai wani abin shaƙa mai launin shuɗi a jakar uwarsa. Iyakar sanina ke nan. Na ce, "Barista, ai ba wannan ya kawo ni ba." Ta ce, "Shi ya kawo ka, domin shi alƙali zai tambaya."

A zaman nan na gane cewa kotu ba za ta sake shari'ar aurenmu ba. Abin da ke gabanta maslahar yaro ce. Ta nuna mini sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita: duk hukuncin da ya shafi yaro, a sa maslaharsa a gaba. Sashe na 9 ya ce yaron da iyayensa suka rabu yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka biyu, sai fa in hakan zai cutar da shi. Haƙƙin yaron ne, ba nawa ba. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ba ta ɓoye mini ba. A Ingila, alal misali, da can uba ne ke da iko a kan yara kusan kacokan, sai a 1839, bayan fafutukar wata marubuciya mai suna Caroline Norton, aka ba uwa damar neman riƙon 'ya'yanta da ba su kai shekara 7 ba. A fiƙihun Malikiyya kuwa uwa ce kan gaba wajen riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma ciyarwa na wuyansa. Amma ko ta wace hanya aka bi, tambayoyin alƙali ba sa nisa da juna. Wa ke tashi da yaron idan ba shi da lafiya? Wa ke kai shi makaranta? Za a raba shi da 'yan'uwansa ne? Akwai duka ko shaye-shaye a gidan? Sai wadda ta fi ba ni mamaki: wane ne a cikin iyayen zai bar yaron ya ga ɗayan ba tare da fitina ba? Ni da na dogara da cewa na fi uwar yaran samu, aka ce mini kuɗi ba ya sayen riƙo. In ka fi ta samu, sai ka fi ta ɗaukar nauyi.

Babban abin da lauyar nan ta yi mini shi ne hana ni aikata abin da zuciya ke raya mini. Na taɓa cewa zan je makaranta in kwaso yaran kafin a tashi, in ya so uwar ta kai ƙara. Ta kalle ni ta ce in na yi haka, da hannuna na rubuta wa ɗaya ɓangaren hujja, kuma da ƙetare iyaka zan yi da su, akwai Yarjejeniyar Hague ta 1980 da ƙasashe da yawa ke bi wajen mayar da yaro inda ya saba zama. Maimakon haka ta nemo mini umarnin kotu na wucin gadi a kan ziyara. Ta ce duk saƙon da zan tura wa uwar, in rubuta shi kamar alƙali na tsaye a bayana yana karantawa. Kuɗin ciyarwa in tura ta banki, in adana shaida. Kada in kuskura in koya wa 'yata abin da za ta faɗa, domin masu sauraron yara sun san muryar babba idan ta fito daga bakin yaro.

Kotu ta turo ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta duba gidana. Ta leƙa inda yaran za su kwana, ta tambayi nisan makaranta, sannan ta keɓe da 'yata wajen rabin awa. Da rahoton ya fito, layi guda ne ya tsaya mini a wuya: yarinyar ta roƙi kada a sa ta zaɓa. A mota na karanta shi, na daɗe ban tayar da motar ba.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan lauyoyi tun daga nan. Wanda ya ga fayil irin nawa ya ce "za mu gama da ita", ku guje shi. Shari'a za ta yi tsawo, aljihu ya huje, yara su girma a tsakanin ɗage zama da ɗage zama. Tawa sulhu ta tura mu. Zama uku muka yi, kowa da lauyansa, kuma a nan na koyi cewa riƙo kashi biyu ne: inda yaro ke kwana, da kuma wanda ke yanke shawara a kan karatunsa da lafiyarsa. Muka amince su zauna wurin uwarsu a ranakun makaranta, su zo wurina ƙarshen mako ɗaya cikin biyu, mu raba hutu, shawara kuma tare. Lauyar ta dage sai an rubuta ƙarfe nawa za a ɗauke su, wa zai dawo da su, domin "lokacin da ya dace" shi ne mafarin sabuwar rigima. Alƙali ya karanta, ya yi mana 'yan tambayoyi, ya mayar da yarjejeniyarmu hukunci.

Ba zan ce ban ji zafi ba. Ranar Lahadi da yamma, idan na sauke su na juyo, gidan yakan yi mini faɗi.

Wata huɗu bayan haka, wajen ƙarfe biyu na dare, na ji numfashin ƙaramin yana fita da ƙyar. Abin shaƙar na kan teburin gefen gado, takardar likita na manne a bango, tun da na roƙi uwarsa ta nuna mini yadda ake yi. Na zaunar da shi a cinyata, na ba shi yadda aka rubuta, ina shafa bayansa har ƙirjinsa ya lafa. Sannan na kira ta. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Lafiya?"

"Ta tashi, amma ya samu sauƙi. Ga shi, yana son jin muryarki."