'Ya'yanta biyar a allo ɗaya

Ruwan sama ne ya kora mu cikin cocin ƙauyen Great Rissington da ke Ingila yau da rana, ni da wani abokin aikina. Muna jiran ya tsagaita sai idona ya faɗa kan allon tunawa da mutanen garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Har da hotunansu aka jera, samari sanye da kaki, wasu ko gashin baki bai gama fito musu ba. Ina bin sunayen da yatsa sai na ga ina ta maimaita suna ɗaya, Souls. Albert, Frederick, Walter, Alfred, Arthur. Uwa ɗaya uba ɗaya. Uku sun rasu a 1916, sauran biyun, waɗanda tagwaye ne, suka bi su a watan Afrilun 1918, kwana biyar kacal tsakaninsu. Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Tunanin mahaifiyarsu Annie ne ya tsaya mini a wuya, yadda take ji duk sanda mai kawo wasiƙa ya doso ƙofarta.

Ƙauyen ɗan mitsitsi ne, amma bai yarda sunan ko ɗaya ya ɓace ba. Mu kuwa namu kakannin da Turawa suka kwasa zuwa Kamaru da ƙasar Bama (Burma), sai dai a ce "wane ya tafi yaƙi bai dawo ba". Yau zan kira Baba in tambaye shi cikakken sunan ƙanen kakanmu, in rubuta.