Abin da na koya daga buga ces irin na Ulf Andersson

Ulf Andersson, haifaffen Västerås a ƙasar Suwidin a 1951, ya zama girandimasta (babban matsayin gwanaye a wasan ces) a 1972, ya kuma taɓa hawa matsayi na 4 a duniya. A 1984 shi ya zauna allo na ɗaya, wato ya jagoranci ɓangaren sauran duniya, a Landan, ya fuskanci Karpov a karawar Tarayyar Sobiyet da sauran duniya. Masu son hayaniya suna yi masa gorin yawan kunnen doki. Ni kuwa na ɗauki buɗinsa (takun farko na wasa) guda ɗaya, wanda yake yi da farare, na yi ta gwadawa.

Ga shi (N doki ne, Q sarauniya, K sarki, x alamar ci, + barazana ga sarki; harafi da lamba kamar c4 sunan gida ne a allo): 1.Nf3 Nf6 2.c4 g6 3.Nc3 d5 4.cxd5 Nxd5 5.e4 Nxc3 6.dxc3 Qxd1+ 7.Kxd1. Taku bakwai, sarauniyoyi sun bar fage. Da farko na ɗauka asara ce sarkina ya tsaya tsakar gida. Ashe c2 ne mazauninsa, sojan c3 kuma ya tsare d4 da b4, ya toshe wa bishop (mai tafiya a karkace) ɗin baƙi, wato abokin karawa, hanya idan ya fito ta g7. Daga nan sai bishop zuwa e3, doki ya koma d2 ya nufi c4, a ƙara da f3. In baƙi ya tura c5, ya bar rami a d5 da b5, sai a kafa a4 a zauna masa.

Inda nake ɓata wasan shi ne gaggawa. Soja ba ya komawa baya. Duk wanda na tura ba dalili, rami ne na haƙa wa kaina. Na biyu, in na bari aka musanye hasumiyoyi (masu tafiya a miƙe) duka a layin d, ƙaramar ribar ta gudu, sai canjaras. Ko ɗaya ce a bar ta. Kuma salon ba na wasan minti uku ba ne, yana cin lokaci.

Da baƙaƙe kuwa Andersson tsarin da ake kira bushiya yake yi: sojoji a a6, b6, d6 da e6, komai a dunƙule a baya, ana jiran ranar fasawa da tura soja b5 ko d5. Da ita ya kayar da Karpov a Milan a 1975, karon farko da aka doke Karpov bayan ya zama zakaran duniya. Ni in na fasa d5 kafin hasumiyoyina su zauna c8 da e8, soja nake bayarwa kyauta.