Bloomington: garin dutse da ɗalibai

Daga filin jirgin saman Indiyanapolis zuwa Bloomington kusan kilomita 80 ne, tafiyar awa guda a mota. Muna miƙawa kudu sai gonakin masara suka fara ja baya, ƙasa ta koma tudu da gangare, itatuwa ko ta ina.

Garin shi ne hedikwatar gundumar Monroe a jihar Indiyana ta Amurka, kuma ba sai an gaya wa baƙo ba. Tsakiyarsa ginin kotun gunduma ne na 1908, shaguna da gidajen abinci sun kewaye shi ta fuska huɗu. A saman ƙubbarsa akwai kifi na ƙarfe da iska ke juyawa. Na jima a tsaye ina kallon kifin nan, ga shi babu teku ko kusa.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali dutse ne. Kotun, da tsofaffin gine-ginen jami'a, da coci-coci, galibinsu da farin dutsen da ake fasawa a nan gundumar da maƙwabciyarta Lawrence aka gina su. Irinsa aka kwasa aka lulluɓe dogon benen Empire State na New York da ginin Pentagon, hedikwatar sojojin Amurka. A bayan gari har yau ana ganin ramukan da aka haƙa, wasu ruwa ya cika su.

Daga dandalin kotu na bi titin Kirkwood a ƙafa har ƙofar Jami'ar Indiyana, wadda aka kafa a 1820, shekara biyu bayan kafa garin. Ƙidayar 2020 ta ba Bloomington mutum kusan 79,000, ɗaliban jami'ar kuwa sun haura 40,000. Shi ya sa in aka yi dogon hutu garin kan yi tsit, kamar Samaru idan ɗaliban ABU sun watse. A ganina gunduma ce ke da suna, amma jami'a ce ke riƙe da tukunya.

A nan Farfesa Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano, ya koyar shekaru da dama, kuma yana nan ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin da ke gefen jami'a, sahu cike da Larabawa da 'yan Indonesiya da 'yan Afirka ta Yamma. Daga nan muka gangara titi na huɗu, inda tsofaffin gidajen zama suka koma gidajen abincin Turkiyya da Indiya da Tibet.