Tsofaffin Sunayen Abinci: Abin da Ke Mayar da Su Gadon Ƙasa, da Abin da Ke Ɓata Su

Kamfanin abinci yana iya shekara ɗari yana ciniki bai zama gadon kowa ba. Wanda ya zama gado shi ne wanda kaka da jika suka san ɗanɗanonsa iri ɗaya, har idan aka taɓa shi mutane su ji an taɓa musu kayansu. A takarda dai kamfani ne mai suna da tambari, amma ɗanɗanon ya riga ya koma bakin jama'a, su ne masu hukunci a kansa.

Coca-Cola ta ga haka ƙuru-ƙuru. Tun 1886 ake sayar da lemon a Atlanta ta Amurka. A watan Afrilun 1985 kamfanin ya sauya haɗin zuwa wani mai ƙarin zaƙi, bayan gwajin ɗanɗano da aka yi wa mutane kusan 200,000, kuma yawancinsu sun zaɓi sabon. Cikin kwana 79 ƙorafi ya tilasta aka dawo da tsohon. Kuskuren yana cikin gwajin kansa. Kurɓa ɗaya ake ba mutum, kuma a kurɓa ɗaya mai zaƙi ne kan ci gasa, alhali mai saye kwalba guda yake shanyewa. Sannan tambayar da aka fi ba nauyi ita ce "wanne ya fi daɗi", ba "ka yarda a ɗauke wanda ka saba da shi har abada ba".

Sai dai irin wannan sauyi na rana ɗaya ba shi ne ya fi kashe tsohon suna ba, domin ana ganinsa, ana kuma iya janye shi. Abin tsoro shi ne ragi kaɗan-kaɗan. Bana a musanya wani ɓangare na man koko da man da ya fi araha. Baɗi a rage madara da kashi 2 cikin 100. Shekarar gaba a gajarta lokacin tsimawa don kaya su fita da wuri. Kowane mataki sai an yi masa gwaji, kuma kowane yana tsallakewa.

Ga yadda gwajin yake. A ajiye wa mai ɗanɗano kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya nuna na daban. Ko da canki-canka mutum ɗaya cikin uku zai dace, shi ya sa idan masu ɗanɗano 24 ne, sai 13 sun nuna daidai kafin a ce akwai bambancin da harshe ke ji. Gwajin ba shi da laifi. Matsalar ita ce abin da ake gwadawa da shi: na bana da na bara. Bayan sauyi biyar ko shida, kowanne bai kai a ji shi ba, abin da ke cikin kwali ya yi nisa da na asali, kuma babu takarda ɗaya a kamfanin da ta nuna ranar da aka ɓata shi. Tsoffin masu saye su ce ba haka yake a da ba, a ce musu ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Nan kuwa gaskiyarsu ce.

Maganin ba shi da wuya, so ne kawai ake rasawa. A rubuta haɗin asali da awon nauyi, giram-giram, ba da cokali ko kofi ba, tare da zafin wuta, tsawon lokaci, da inda ake samo kowane kaya. Tunda abinci ba ya ajiyuwa shekaru, duk shekara a dafa ƙaramin kaso bisa wannan takarda, shi ne ma'aunin da za a gwada kowane sabon sauyi da shi. A kuma zauna da tsofaffin ma'aikata kafin su yi ritaya, a naɗi bayaninsu, don akwai abin da ido da hanci suka sani wanda bai taɓa shiga takarda ba.

Tabasco, ruwan yajin da Edmund McIlhenny ya fara a 1868 a tsibirin Avery na jihar Luwiziyana ta Amurka, misali ne na riƙon ma'auni. Kaya uku ne kacal: jan barkono, gishiri da ruwan khal. Ana markaɗa barkonon da gishiri, a zuba a gangunan katako ya tsima har zuwa shekara 3, sannan a haɗa da khal a riƙa juyawa wajen mako huɗu, a tace. Yawancin barkonon yanzu a ƙasashen Latin Amurka ake noma shi, amma irin daga tsibirin yake fitowa, markaɗen kuma can yake komawa ya tsima. Masu tsinka suna riƙe da ɗan sanda da aka shafa wa jan fenti, sai su kara shi da barkono a jikin reshe. Wanda jansa bai kai na sandan ba a bar shi sai wani zagayen. Wannan ɗan sandan ya fi dogon jawabi kan inganci amfani.

Bayan ɗanɗano sai siffa da mazauni. A 2016 masu Toblerone, cakulan ɗin Suwizalan mai siffar jerin tsaunuka, suka faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tsaunukan cakulan ɗin a kasuwar Birtaniya, mai giram 170 ya koma 150, mai 400 ya koma 360. Haɗin bai sauya ba, amma mutane suka ɗauke shi a matsayin ha'inci, kuma a 2018 aka dawo da tsohuwar siffa. A 2023 da aka mayar da wani sashe na aikin Sulobakiya, dole aka cire hoton dutsen Matterhorn na Suwizalan daga kwalin, saboda dokar Suwizalan ba ta yarda a yi amfani da alamomin ƙasar ba sai ainihin sarrafawar a can aka yi, kuma madarar duka ta ƙasar ce. Ina ganin dokar ta yi daidai. Ƙasar Sin kuma rajista ta buɗe: daga 2006 ma'aikatar kasuwancinta ta fara ba tsofaffin kamfanoni shaidar gado, da sharaɗin, a wancan lokacin, an kafa su a 1956 ko kafin nan, kuma a 2023 ta soke shaidar guda 55 da suka gaza riƙe matsayinsu. Shaidar da ba a iya ƙwacewa ado ce kawai.

Saura batun wanda ya mallaka. Rooh Afza, sharbar da Hakim Abdul Majeed ya haɗa a Delhi a 1907, ta tsallake rabuwar Indiya da Pakistan a 1947: ɗa ɗaya ya zauna a Delhi, ɗaya ya koma Karachi, kuma ɓangarorin biyu suka mayar da Hamdard, kamfanin da ke yin ta, wakafi, abin da ya sa ba a iya sayar da shi kamar haja. Cadbury, da aka kafa a Birmingham a 1824, tasa ta bambanta. Lokacin da kamfanin Kraft na Amurka ke neman sayensa, daga 2009 zuwa farkon 2010, ya nuna zai bar masana'antar Cadbury ta Somerdale da ke Ingila ta ci gaba da aiki, amma kwanaki kaɗan bayan ciniki ya faɗa aka sanar da rufe ta, aikin ya koma Folan. Daga baya hukumar da ke sa ido kan sayen kamfanoni a Birtaniya ta tsaurara dokokinta.

Saboda haka duk iyalin da za su sayar da irin wannan kamfani, kada su tsaya kan alkawarin baki. A rubuta cikin yarjejeniya wace masana'anta ce za ta ci gaba da aiki da kuma shekara nawa, waɗanne kayan haɗi ne ba za a musanya ba, wa zai riƙe takardun tarihi da tsofaffin gwangwanaye da kwalaye, da tarar da mai saye zai biya idan ya saɓa.